Idon da Ke Zura Allura

Inna ta sake yin karo da ƙofar kicin. Ba wani karo ne mai ƙarfi ba, kafaɗarta ta hagu ce ta daki katakon, amma shayin da ke hannunta ya fallatsa mata a zani. Ta tsaya tana harar ƙofar kamar yau aka kafa ta a gidan.

"Inna, ke da ƙofar nan dai kun zama abokan wasa," in ji Auta daga kan doguwar kujera, ko kai ba ta ɗago daga wayarta ba. "Jiya ma sai da kuka gaisa."

"Ita ce take matsowa."

"To sai mu kai ƙararta wurin Yaya. Ki zauna don Allah, rana tana yi. Matar nan mai jiran ɗinki ta kira ni tun ban wanke ido ba."

Inna ta zauna. Wurin zamanta ɗaya ne a gidan ɗanta, wata kujerar roba a gindin tagar falo, inda hasken safiya ke faɗowa kafin inuwar benen da ke gabansu ta cinye shi. Daga nan ana hango tashar bas da rumfar mai faci, amma ita ba kallon titi ke kai ta ba. Gwangwanin biskit ne a gefenta cike da zare kala-kala, ga ƙaramin almakashi, ga zoben katakon da take ɗame ƙyalle a ciki. Ɗinkin giciye take yi, irin wanda ake ƙirga ramukan ƙyalle a gitta zare kan zare har fure ya fito, ko tsuntsu, ko duk abin da ran mutum ya raya masa. Tun tana aikin girki a makarantar kwana ta koya, kuma tun da ta bar aiki ba ta da wata abokiyar hira da ta wuce shi. Ba ta sayarwa, ba ta ma cika bayarwa ba. Idan ta gama sai ta wanke, ta goge, ta juya bayan aikin ta duba ko akwai ƙulli, ta ninke ta sa a akwati. Kuma ba ta taɓa maimaita zane ɗaya sau biyu ba, takan ce wanda ya riga ya san ƙarshen hanya me zai je nema.

Haka abin yake har ranar da autarta, wadda ta gama karatu ta zauna gidan yayanta tana jiran aikin da ya ƙi zuwa, ta buɗe akwatin tana neman mayafi. Ta ɗauki hotuna ta watsa a waya. Mata suka yi caa, wannan tana son rigar filo, waccan tana son ƙyallen tebur. Auta dai ko maɓalli ya cire mata sai ta kai wa tela, amma a waya ita ce mai hannun baiwa, har ana yi mata addu'ar Allah ya ƙara basira tana amsawa da amin. Inna ba ta damu da wannan ba. Wace uwa ce za ta yi wa 'yarta rowar suna? Ta ma ji daɗi da farko, ganin yarinyar ta daina kwanciya har azahar. Abin da ba ta sani ba shi ne, duk ranar da abin sha'awarka ya samu mai jira a bakin ƙofa, ya tashi daga naka.

Matar ɗanta, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, ita ce ta fara lura. Ta ga Inna tana laluben almakashi alhali ga shi nan dab da gwiwarta. Ta ga ta miƙa wa ƙaramin jikanta hannu ta dama, yaron yana tsaye ta hagu. Ta yi ta yi wa mijinta naci har ya gaji, wata safiya ya ɗauki uwarsa a mota zuwa asibitin ido, yana duba agogo tun daga kan matakala.

Da layi ya zo kansu wayarsa ta yi ƙara. Shi manaja ne a wani kamfanin rarraba kaya, kuma wayar manaja ba ta san asibiti ba.

"Inna, shiga kawai, ina nan a baranda," ya ce, ya toshe kunne ɗaya da yatsa ya juya baya.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta haska, ta auna, ta sa Inna ta leƙa wata na'ura ta riƙa danna maɓalli duk lokacin da ta ga ɗigon haske. Inna ta zauna tana jiran hasken, ba ta san ya daɗe yana wucewa ta gefe ba.

"Mama, hawan jinin ido gare ki," in ji likitar. "Na hagu ya yi nisa, na dama ne muke so mu ceto."

"Amma ni ina gani, 'yar nan. Har allura nake zurawa."

"Na yarda. Ciwon nan daga gefe yake ci, tsakiya yake bari sai ƙarshe. Za ki yi ta zura allura har ranar da za ki tashi ki ga babu. Kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ga maganin ɗigawa, kada ya yanke. Amma shi kaɗai ba zai riƙe naki ba, sai an yi aiki, kuma cikin watan nan. Bayan aikin za ki huta na wasu makonni, ba sunkuyo, ba ɗinki. Wa ya kawo ki?"

"Ɗana. Yana waya."

Likitar ta leƙa baranda, ta ga bayansa yana kai da komo, ta dawo ta ce wa Inna ta gaya masa da bakinta.

Ta kuwa gaya masa, a mota, sannan ta sake faɗa a falo da yamma, kowa yana zaune. Ta faɗa daki-daki yadda aka gaya mata. Manaja ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya sawwaƙe, za a yi. Sai Auta ta ajiye wayarta, abin da ba kasafai take yi ba.

"Wasu makonni? Yaya, ka manta kayan matar ogan naka?"

Manaja ya shafa ƙeya. Matar shugaban kamfaninsu za ta aurar da 'ya, ta ga hotunan da Auta ta watsa, ta ce komai na ɗakin amarya na hannu take so: zanin gado, rigunan filo, ƙyallayen tebur, har da na rataye a bango, duk da jan fure iri ɗaya. Shi da kansa ya amsa mata da "an gama, ranki ya daɗe" tun kafin ya tambayi kowa. Kuma ana ta raɗe-raɗin za a buɗe sabon reshe, ana neman wanda za a ba.

"Likitocin nan ma dai," in ji shi a hankali, "wani lokaci akwai su da tsorata mutum."

"Wallahi kuwa," Auta ta cafe. "Bari ka gani." Ta tashi ta ɗauko allura mafi ƙanƙanta a gwangwanin, ta tsinko zare ta miƙa. "Inna, zura mana."

Da Inna ta san abin da ake shirya mata, da ta ce hannunta na rawa. Amma mutum da abin da ya iya sai Allah. Ta lashi bakin zaren, ta ɗaga allurar saitin fitila, zaren ya shige tashi ɗaya.

Auta ta tafa. "Ka gani ko? Ni da ƙuruciyata sai in yi ta fama. Wannan ce za a ce ba ta gani?"

"Ai likitar ta ce daga gefe yake ci," Inna ta ce. "Babana, ta ce tsakiyar ce ƙarshe."

"Na ji, Inna, ba cewa aka yi ba za a yi ba. A gama wannan kawai, kin ga sai ki huta hankali kwance. Ba ga magani an ba ki ba? Ai ɗinkin ma ba ta ce shi ya jawo ba."

"Ba ta ce ba."

"To alhamdu lillahi."

Malama ta buɗe baki daga inda take tsaye da tire a hannu. "Ni dai da za a bi ta tawa, ido ba abin wasa ba ne. A ba matar haƙuri mana."

"Anti, uwarmu ce fa," in ji Auta tana murmushi. "Ba wanda zai fi mu son ta."

Malama ta haɗiye sauran maganarta ta shige kicin. Tun daga ranar kuwa allurar nan ta zama shaidar gidan. Duk wanda ya zo duba Inna ya ce ya ji an ce ido na damunta, sai Auta ta ce a kawo allura. Inna ta zura, baƙo ya yi salati ya ce tubarkalla, a yi dariya a kawo lemo.

Kwanakin suka fara tsawo. Jan fure ɗaya ne, mai ganye biyu, sai ta gama shi ta matsa gaba ta sake shi, ta sake shi. Hannunta ya haddace shi har ba ya jiran ta. Da can idan ta zauna gindin taga mantawa take da duniya, yanzu kuwa zaman ne ya gagare ta. Ta yi layi biyu ta miƙe. Ta je kicin ta rasa abin da ta je ɗauka. Ta dawo ta buɗe labule, ta ga a buɗe yake. Ta rufe idon dama da tafin hannu don ta gwada na hagu, ta yi sauri ta cire hannun, ta ce ba za ta ƙara ba, can anjima ta sake. Tsoro take ji, tsoro na gaske, irin wanda ba ya barin mutum ya gama kofin shayi.

Falon ma ya fara tsukewa. Idan tana kallon ƙyalle ba ta ganin gwangwani, idan ta juya ga gwangwani taga ta ɓace. Mutane suka koma faɗo mata kwatsam, ba ta ganin zuwansu sai dai ta ji murya a kanta ta zabura. Jikokinta suka mayar da abin wasa, su lallaɓo ta gefe su ce "Kaka!" su sheƙe da dariya. Takan taya su dariyar, don me yaro ya sani.

"Auta, yau zan ɗan huta," ta ce wata rana. "Kaina ke sarawa."

"Inna, ki rufa min asiri. Sunana ne fa a gaba. Kuma ai abin da kike so ne, ba ke ce ko an hana ki ba kya hanuwa ba? Da can ma da ba wanda ya sa ki, yini kike yi a kai."

"Da can nawa nake yi."

"Yanzu ma naki ne mana. Na wa ne?"

Inna ta jawo zoben katakon.

Da maganin ɗigawa ya ƙare ta gaya wa Manaja yana ɗaura agogo zai fita. Ya ce zai taho da shi. Ya dawo ya dafe goshi ya ce shaf ya manta, taro suka yi har yamma. Kashegari ya ce kantin da ya tsaya ba su da irinsa. Daga nan ya ce Auta ta saya, Auta ta ce ai ta ɗauka ya saya. Malama ce ta ɗauki kwalbar da ta ƙare ta sa a jaka, ta biya ta kantin magani daga makaranta ta kawo. Maimakon godiya sai mijinta ya ɓata rai, wai tana so ta nuna wa duniya bai iya riƙe uwarsa ba.

Watan da likita ta faɗa ya wuce, wani ya kama. Inna ta tuna wa ɗanta, ya ce saura ƙiris. Ta sake tuna masa, ya ce, "Inna, kin fi kowa sanin ba na wasa da lamarinki. So kike in je gaban matar nan in ce mata me? Idan reshen nan ya samu, ai har asibitin da ya fi wannan sai in kai ki." Ya faɗa da zuciya ɗaya, kuma abin takaicin ke nan. Da mugu ne da ta san yadda za ta yi da shi. Amma yaro ne mai durƙusawa ya gaishe ta kullum safe, mai tambayar ko ta ci abinci, ya fita ya bar ta da jan fure.

Ranar da abin ya ishe ta, ta jira Auta ta shiga wanka, ta yafa mayafi ta ɗauki katin asibiti ta sauka. Matakalar ma da laluben bango ta gama ta. Tashar bas tana tsallaken titi, wurin da ta shekara tana kallo daga sama. Ta duba gabanta ta ga fili, ta sa ƙafa. Ba ta ga mai babur ba sam, ƙarar birki kawai ta ji da iskar da ta fizge mata mayafi, sai ga ta zaune a kan kwalta, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri.

"Ke tsohuwa, ba kya gani ne?" mai babur ya daka mata tsawa.

"Ba na gani, ɗan nan," ta ce. Karon farko ke nan da ta faɗa wani bai ce a kawo allura ba.

Mai faci ne ya jefar da tayar da ke hannunsa ya zo ya ɗaga ta. Ya karkaɗe mata mayafi, ya riƙe ta har saman bene yana cewa, "Sannu Mama, sannu, Allah ya tsare gaba." A bakin ƙofa ya ce wa Auta, "Hajiya, a duba idon Mama. Babur ɗin nan tun daga nesa kowa ya gan shi."

"Mun gode, Malam," ta ce, ta rufe ƙofa.

Da yamma aka yi zaman shari'a, kuma Inna ce mai laifi. Manaja ya yi ta zagaye falon yana cewa da wani abu ya faru me zai gaya wa dangi. Auta har da hawaye, wai Inna tana so a ce sun wulaƙanta ta. Aka yanke cewa tsufa ne ya fara taɓa ta, ba za ta ƙara fita ita kaɗai ba, katin asibitin ma Manaja ya karɓa ya sa a aljihu don kada ya ɓata.

"Ni zan kai ta gobe," in ji Malama. Wannan karon ba ta tsaya a bakin kicin ba, tsakiyar falon ta shigo. "Zan nemi izini a makaranta. Ba sai kowa ya bar aikinsa ba."

"Da izinin wa?" mijinta ya juyo.

"Don girman Allah ka dubi matar nan. Ƙofa ba ta gani, mota ba ta gani, me ake jira?"

"Zanin gadon kawai ya rage!" Auta ta ce da ƙarfi. "Shi ke nan fa! Anti, ke dai tun farko ba kya son sana'ar nan, na daɗe da sani."

Inna ta ga gidan ɗanta zai kama da wuta a kanta. Ta san halin irin wannan rigima, a kan ido za a fara, a ƙare a kan auren yarinyar da ba ta yi laifin komai ba sai faɗin gaskiya. Ta ɗaga hannu.

"Ya isa. Malama, bar shi, Allah ya yi miki albarka. Zan gama musu."

Ta kuwa gama. Ta daina tashi daga kujerar, ba don hankalinta ya kwanta ba, sai don tana tsere da abin da take ji yana matsowa. Hannunta sai gudu yake a kan ƙyalle. Yanzu fure ɗaya ma ba ta ganinsa gaba ɗaya, sai ta bi shi ganye-ganye tana juya kai. Ranar da ta cire zanin gadon daga zobe, Auta ta yi shewa ta rungume ta, aka goge aka naɗe a leda mai ƙyalli. Matar oga ta aiko da godiya, ta ce hannun Auta ba na mutane ba ne. Manaja ya dawo yana fara'a, ya ce cikin satin nan in Allah ya yarda za a je asibiti, bari dai ya ga yadda ofis zai yi. A bakin Auta kuma Inna ta ji cewa ƙawayen matar sun ga kayan, har biyu sun yi magana.

Ba a kai ga ganin yadda ofis zai yi ba. Wata safiya Inna ta lallaɓa ta zauna a kujerarta, ta jira hasken, ta gaji da jira.

"Wa ya saki labulen nan?"

Malama, da ke ɗaura wa yaro takalmin makaranta, ta ɗago. Rana ce tar a kan fuskar Inna, har tana ƙyalli a goshinta.

"Inna, a buɗe yake."

"To hadari ne?"

Malama ta saki igiyar takalmin ta fashe da kuka.

A ranar an samu mota, an samu lokaci, wayar manaja ma ashe tana da wurin kashewa. Har cikin ɗakin likita ya shiga, ya tsaya hannu a baya. Likitar ta daɗe tana haskawa, sannan ta ajiye fitilar ta dube shi.

"Kai ne ɗan? Tun yaushe na ce a kawo ta?"

"Wallahi likita, abubuwa ne suka yi yawa. Kuma mun ga tana..."

"Na hagu ya tafi. Na dama za mu yi aikin, ko Allah zai sa ta riƙa bambance dare da rana. Fiye da haka kada ku sa rai."

"Ko a wani asibitin? Ko nawa ne, likita."

"Ba maganar ko nawa ba ce yanzu."

A mota ya kifa kai a sitiyari ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Inna ce ma ta laluba ta dafa kafaɗarsa tana ba shi haƙuri. Kafin su iso gida ya samo kalmar da zai riƙe, ƙaddara. Ita ya faɗa wa dangi a waya, ita Auta ta faɗa wa masu zuwa jaje, su kuma suka amsa da cewa haka ne, bawa ba ya wuce ƙaddararsa, Allah ya saka wa yaran nan da alheri, dubi yadda suke ɗawainiya da ita.

Ni kuwa na ce a ji tsoron Allah a daina jingina masa abin da aka yi da hannu. Ƙaddara ba ta karɓi odar kowa ba, ba ta sa katin asibiti a aljihu ba. Ba a doki Inna ba, ba a zage ta ba, ba a hana ta abinci ba, shi ya sa ba maƙwabcin da zai ce ya ga zalunci a gidan. Da "Inna don Allah" aka cinye mata ido, da "saura ƙiris", da gaisuwar safe. Irin wannan cutar ta fi yawa a gidajenmu, kuma ta fi wuyar kamawa, domin masu yin ta suna son wanda suke cuta, suna kuma da hujja a kan kowace rana da suka ɗaga. Tsohuwa ta samu abu ɗaya tak da yake nata bayan ta ƙare ƙarfinta a kan 'ya'ya, shi ma sai da aka san yadda aka yi ya koma saniyar tatsa.

Bayan aikin Inna ta koma kujerarta, domin a nan ne kawai take jin ɗumin rana ta san gari ya waye. Hannayenta ne suka ƙi yarda an gama. Su murza bakin mayafi, su bi ɗinkin gefen zani, su tsinci zaren da babu a kan cinya. Ta danne ɗaya da ɗaya, can kuma ta ji sun ci gaba. Yinin ya yi mata yawa, ba ta san inda za ta sa shi ba.

Wata ranar da hantsi ta ji takun Auta, da ƙarar leda. Yarinyar ta durƙusa a gabanta, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta kama hannunta ta sa mata wani siririn ƙarfe mai sanyi, mai ɗan lanƙwasa a baki. A ɗaya hannun ta ɗora mata wani dunƙule mai laushi.

"Mene ne wannan?"

"Kwarashi ne, Inna, da ulu. Na ga zaman yana damun ki. Na tambaya an ce saƙa ba ta buƙatar ido, da hannu ake ji. Akwai makafi da yawa da suke yi, har sun fi masu gani."

Inna ta matsa ulun a tafinta. Laushinsa ya ratsa ta. Ashe dai yarinyar nan tana kallon ta, ashe ta ga hannayen. Ta ji kunyar zargin da ta kwana da shi a zuci, ta ce a ranta, ɗa dai ɗa ne. Yatsunta har sun nemo bakin zaren sun naɗa shi a ɗan ali.

"Allah ya yi miki albarka, Auta. Wace kala ce?"

"Ruwan hoda. Wai shi take so, da ɗan fari a bakin hular. Na jarirai ne, ba wuya, cikin wata mai zuwa za ta haihu."

Yatsun Inna suka tsaya.

"Wa?"

Sai wayar Auta ta yi ƙara, ta miƙe da sauri ta nufi baranda, Inna tana jin ta tana cewa, "Ranki ya daɗe, in Allah ya yarda, ai har an fara."

Inna ta zare ulun daga yatsanta a hankali. Ta sunkuya, duk da an hana ta sunkuyo, ta ajiye shi a ƙasa tare da kwarashin, ta tura su da ƙafa iyakar inda ƙafarta ta kai. Sannan ta cusa hannayenta biyu a ƙarƙashin cinyoyinta ta danne su da dukkan nauyinta, suna motsi tana dannewa.